Darasi na 9: Almakashin da ke cikin ƙwaƙwalwa

Ku buɗe tafin hannunku ku dubi yatsun nan biyar. A makonnin farko da mutum yake cikin mahaifiyarsa, yatsun a haɗe suke da fata, kamar ƙafar agwagwa. Wajen mako na 8 sai fatar da ke tsakaninsu ta ɓace. Ba wanda ya sa wuƙa. Ƙwayoyin halittar da ke wurin ne suka mutu cikin tsari, kuma abin da ya yi aikin yankan wani sinadari ne da masana ke kira kasfes.

Kowa ya rubuta kalmar a littafinsa sau uku: kas-fes.

Da ƙananan ƙwayoyi aka gina jikinmu, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Ƙwaƙwalwa kaɗai tana da ƙwayoyin jijiya wajen biliyan 86. A cikin ƙwayoyin nan akwai kasfes a ajiye, a rufe, kamar almakashin tela a durowar keken ɗinki. Aikinsa yanka furotin, wato kayan da aka gina ƙwayar da su. Irinsa ya haura 10 a jikin ɗan'adam, shi ya sa aka ba kowanne lamba. Mai lamba 8 da mai lamba 9 su ne masu ba da umarni. Mai lamba 3 da mai lamba 7 su ke yin yankan. In sun gama, sai ƙwayar ta tsuke, ta rarrabu gutsi-gutsi, wasu ƙwayoyin su zo su kwashe, ba kumburi ba ciwo.

To, me zai sa jiki ya kashe abinsa? Duk wanda ya taɓa shuka masara ya san amsar. Ana zuba iri uku ko huɗu a rami, in sun tsiro a cire raunana don masu ƙarfi su sami wuri. Haka ƙwaƙwalwar jariri take yi. Tana yin ƙwayoyin jijiya fiye da bukata, waɗanda ba su sami abokin haɗi ba sai kasfes ya cire su. A wasu sassan, kusan rabi ne ke tafiya. A 1996 masu bincike a Amurka sun samar da ɓeraye marasa kasfes mai lamba 3. Ƙwaƙwalwarsu ta yi girma fiye da ƙima, ta cunkushe, yawancinsu kuma ba su yi tsawon rai ba.

Abin mamaki, daga wata 'yar tsutsa mai tsawon milimita 1 aka fara gane wannan. Tsutsar tana yin ƙwayoyi 1,090 yayin girma, kuma ko yaushe 131 daga ciki sai sun mutu. Masana uku, Sydney Brenner da John Sulston da Robert Horvitz, sun sami kyautar Nobel a 2002 saboda wannan aiki.

Yanzu ga inda darasin ya shafi gidajenmu. Almakashin nan yakan buɗe a lokacin da bai kamata ba, musamman a ciwon shanyewar ɓarin jiki.

A ce wani dattijo ne mai sayar da kabeji da karas a kasuwar Farin Gada da ke Jos. Da safe yana ƙirga canji, sai kuɗin suka zube daga hannunsa na dama, bakinsa ya karkace, maganarsa ta daina fita sosai. Abin da ya faru shi ne jijiyar da ke kai jini wani sashe na ƙwaƙwalwarsa ta toshe, ko ta fashe. Ƙwayoyin da ke tsakiyar wurin suna mutuwa cikin 'yan mintoci, su kam sai haƙuri. Amma waɗanda ke kewaye suna samun ɗan jini kaɗan, suna nan da rai, a galabaice. In aka bar su haka, wahalar za ta tayar da kasfes a cikinsu, mai lamba 9 ya ba da umarni, mai lamba 3 ya shiga yanka. Wannan mutuwar a hankali take tafiya, awa bayan awa, wani lokaci har kwanaki. Waɗannan ƙwayoyin ne likita yake ƙoƙarin ceta, kuma sau da yawa su ne ke raba tsakanin mai tafiya da sanda da wanda sai an ɗaga shi.

Ga gwajin da ɗansa zai yi a tsaye, cikin minti ɗaya:

"Baba, ku yi mini murmushi."
"Baba, ku ɗaga hannuwanku duka biyu."
"Baba, ku faɗi sunan unguwarmu."

In baki ya karkace, ko hannu ɗaya ya faɗi, ko magana ta harɗe, ko da ɗaya ne daga ciki, a duba agogo a riƙe lokacin, a tari keke ko mota sai babban asibiti. A Jos akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos a Lamingo, akwai Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato. Kada a tsaya kemis. Kada a ɗura masa ruwa ko kunu ko rubutu, domin maƙogwaronsa ba ya haɗiya daidai, zai iya shaƙewa. Kada a ba shi asfirin, sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa an ga ko toshewa ce ko fashewa. In fashewa ce, asfirin ƙara zubar jinin zai yi. In ya suma, a kwantar da shi ta gefe. Allurar da ke narkar da gudan jini, inda ake da ita, cikin awa 4 da rabi na farko ake yin ta.

Mun san abin da akan faɗa a unguwa: iska ce ta buge shi, ko sanyin Jos ne ya shige shi. Sai a kwana biyu ana hayaƙi da shafe-shafe. Ba wanda ya hana addu'a, amma a yi ta a cikin mota, a kan hanyar asibiti. Har yau babu wani maganin da likitoci ke bayarwa don rufe almakashin kasfes a wannan ciwo. Wanda duk ya tsaya da lasifika a kasuwar Taminus yana cewa garin maganinsa na ta da matacciyar jijiya, kuɗinku yake so.

Babban mai jawo ciwon nan hawan jini ne, kuma shi ba ya sallama. Awo in ya kai 140/90 ko ya wuce, a ga likita. Gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da na cikin magi. Yara masu ciwon sikila su ma suna iya shanyewa, don haka gwajin nan na minti ɗaya ba na tsofaffi kaɗai ba ne.

Aikin gida: kowa ya je a auna masa jini kafin darasi na gaba, ya rubuta lambobin biyu da kwanan wata a bayan littafinsa. A cikin aji kuma ku zauna bibbiyu, ɗaya ya zama Baba, ɗaya ya yi masa tambayoyin uku, sannan ku sauya.