Yadda ake aiki da bindigar ruwa mai baki biyu a wurin wankin mota

Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin wankin mota a Damagaram, ko a Sabon Gari ko bakin hanyar Tanut, ya ga yadda aikin yake tafiya: yaro ya watsa wa mota ruwa, ya ajiye bindiga, ya ɗauko bokitin kumfa da soso, ya gama ya koma ga inji. Bindiga mai baki biyu ita ce ke rage wannan kai da kawowa. Daga inda kake tsaye za ka fesa sabulu, ka juya mariƙi, ka ɗauraye.

Ga yadda take. Kunama ɗaya ce, amma sandunan ƙarfe biyu ne manne da juna. Sandar farko tana da kai mai ɗan mitsitsin rami, shi ke ba da ruwa mai ƙarfi. Ta biyu tana da kai mai faɗin rami. A gefe akwai mariƙi da ake murɗawa. In ka rufe shi, ruwa duka sai ya bi ta ƙaramin ramin, ya fito da ƙarfin injin, bar 150 ko 200 (bar ma'aunin matsin ruwa ne) gwargwadon irinsa. In ka buɗe, ruwan ya samu hanya mai faɗi, ƙarfinsa ya faɗi. Kamar dai mai ban ruwan lambu ne da ya toshe bakin tiyo da babban yatsa, ya ɗage yatsan.

Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne, mariƙin nan ba ya zuba sabulu. Sabulu yana shiga ne ta wani ɗan ƙarfe da ake ɗaurawa a bakin famfon inji, kafin dogon tiyo, mu kira shi mazuƙi. A cikinsa hanyar ruwa ta ƙuntata. Ruwa in ya ratsa wurin da gudu, matsin da ke gefensa sai ya yi ƙasa, ya janyo sabulu daga jarka ta siririn tiyo. Masanin ƙasar Italiya, Venturi, shi ya bayyana wannan ɗabi'a ta ruwa tun 1797. Amma zuƙar ba ta yiwuwa muddin matsi ya cika tiyo. Sai ka buɗe mariƙi, matsi ya faɗi, sannan mazuƙi ya kama aiki. Wanda ya riƙe wannan a kansa, rabin matsalolin bindigar shi zai gyara su da hannunsa.

Da farko, zaɓi kawuna. Launi ke nuna faɗin feshi: ja siriri ne kamar allura, rawaya digiri 15, kore 25, fari 40, baƙi kuwa 65, shi ne na sabulu. Baƙin ka sa a sanda ta biyu. A ta farko, kore ko fari ya ishi jikin mota. Ja kam ni ba na son ganinsa a wurin wanki sam, yana ɓare fenti, yana cin gefen taya. Girman ramin ma sai ya dace da inji: mai ba da lita 15 a minti a kan bar 200, kai mai lamba 045 yake so.

Na biyu, haɗa kaya. Duba kibiyar da ke jikin mazuƙi, ta fuskanci inda ruwa ke tafiya. Naɗa farin tef na masu aikin famfo a zaren kawunan kafin ka ɗaure. Kafin ka tayar da inji, saki ruwa ya bi tiyo, ka danne kunama har iska ta gama fita.

Sabulun yana son kula. A nan garin an saba da na gari, shi kuwa in bai narke sosai ba sai ya toshe ɗan ƙwallon ƙarfe da ke cikin mazuƙi. Na ruwa ya fi. In na gari ne kawai a hannu, dama shi a bokiti, ka tace da ƙyalle, ka zuba a jarka. Ka haɗa shi da kauri, don mazuƙi zai ƙara tsinka shi da ruwa.

Sai wanki. Rufe mariƙi ka fara kore ƙura, musamman lokacin hunturu da yashi ke kwanciya a jikin mota. Soso in ya hau kan yashin nan, zane yake bari. Sannan ka buɗe mariƙi. Kada ka yi gaggawa, kumfa ba za ta fito nan take ba, sai ruwan da ke cikin tiyo ya wuce. Fesa daga ƙasa zuwa sama. Ranar Damagaram ba ta jira, saboda haka ka yi gefe ɗaya, ka cuɗa, ka ɗauraye kafin sabulu ya bushe ya bar tabo. Wajen ɗauraya, rufe mariƙi, ka bar sauran sabulun da ke tiyo ya ƙare a kan tayoyi, ka taso daga sama zuwa ƙasa.

Mariƙin yana da wani amfani: buɗe shi rabi yana sassauta ruwa. Haka ya kamata a yi wa lagireto, da wayoyin inji, da baburan ƴan kabu-kabu, inda ruwa mai ƙarfi ke kutsawa cikin boris ya wanke giris. Amma ka zare siririn tiyo daga jarka, in ba haka ba, zai iya jan sabulu. Manyan tankokin da ke ɗauko mai daga matatar Soraz kuwa, ƙarƙashinsu sai cikakken ƙarfi.

Wata magana da ta shafe mu ƙwarai, mu da muka san darajar jarkar ɗan ga-ruwa: sassauta ƙarfi ba ya rage ruwan da ake sha. Famfo lita 15 yake turowa a minti, ko mariƙi a buɗe ko a rufe. Tano mai lita 200 ba zai kai minti 14 ba in kunama na danne. Tsimin ruwa yana ga sakin kunama. Sai dai kada ka bar inji yana ruri babu feshi fiye da minti biyu, ruwan da ke zagaye cikin famfo zai yi zafi ya cinye robobinsa. In za ka daɗe kana cuɗa, kashe shi.

In sabulu ya ƙi zuwa, duba abu uku: baƙin kai ya toshe, ko ƙwallon mazuƙi ya maƙale, ko tiyo ya yi tsawo da yawa. In kuma ƙarfi ya ragu alhali mariƙi na rufe, leƙa sanda ta biyu. In tana ɗiga, to makullin da ke cikin mariƙi ya cinye.

Riƙe bindigar da hannu biyu, kada ka nuna ta ga mutum ko da wasa. Ruwan nan yana huda fata, kuma raunin ko ya yi kama da ƙarami, a kai shi asibiti nan take. In an tashi aiki, tsoma siririn tiyo cikin ruwa mai tsabta, buɗe mariƙi ka fesa na minti ɗaya, ka kashe inji, ka danne kunama matsin da ya rage ya fita.