Sabuwar mai jego, ga yadda za ki riƙe jinjirinki a zafin Tawa

Ƙanwata barka da sauka lafiya, Allah ya raya. Na san haihuwar fari akwai ruɗewa, kowa ya shigo barka sai ya ba ki nashi magani, inna ta ce kaza gwaggo ta ce kaza, ke kuma ga ciwon jiki ga rashin barci. To bari in faɗa miki abin da na riƙe ɗiyana da shi.

Nono dai nono. Tun awar farko a aza miki shi a ƙirji ya kama, kuma wannan ruwan farko mai kauri rawaya, dakashi, don Allah kar ki bari a matse a zubar wai ƙazanta ne, shi ne rigakafinshi na farko. Daga nan har wata 6 ba ruwa, ba bauri, ba hura, ba zuma (ita zuma ma sai ya cika shekara). Na san abin da za ki ce, Afrilu da Mayu a nan zafi na wuce digiri 40, kuran ya tafi bantilater ta tsaya, ki ga leɓenshi sai tausayi ya kama ki ki ce ƙishirwa yake ji. Wallahi ruwan da yake buƙata yana cikin nonon, fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne. Ke za ki sha ruwan, ki sha kunu ki ci ki ƙoshi, shi kuma ki yawaita ba shi, sau 8 har 12 dare da rana. In yana jiƙa tsumma ko kush sau 6 a yini to yana samu. Ɗiyata ta fari a ɓoye aka riƙa ɗura mata ruwan randa da cokali don tausayi, wata biyu sai ga zawo, kwana huɗu muka yi kwance a likita ina kallon maɗigarta ta faɗa ciki kamar an danna da yatsa, har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

In ya gama sha ki ɗora shi a kafaɗa ki shafa bayan har ya yi gyatsa. In za ki kwantar da shi, rigingine, cikin gidan sauro, ko da rana ne.

Cibiya kuma ki bar ta a bushe, kar a sa toka ko man goge haƙori ko ƙasa, abin da sashfam ta ba ki kawai, tsumma ya tsaya ƙasa da ita. Da kanta za ta faɗi cikin sati ɗaya ko biyu. Wankan farko a jinkirta sai ya kwana ɗaya, ruwa mai ɗumi ki gwada da gwiwar hannu, ki tsane wuya da hammata da matsematsi sosai don nan ƙuraje ke fara fitowa. Maganar cire belu ranar suna, ki samu maigida tun da wuri ku yi shawara a bar yaro da abinshi, jini da ƙwayar cuta ake jawowa.

Karnen awo ki adana shi cikin leda. Rigakafi kuma, allurar BCG ta tarin fuka da ɗigon foliyo a haihuwa, allurar Penta mai kare cuta biyar a sati 6 da 10 da 14, ta ƙyanda da ta ciwon shawara a wata 9. Da damina masu raba maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro za su zo gida gida, daga wata 3 ake ba yara, ki tabbata ya sha na kwana ukun duka.

In zawo ya zo bayan wata 6, ƙunshi ɗaya na SRO, garin gishiri da sukari na likita, cikin litir ɗaya na ruwa mai tsabta, da zinc kwana 10 zuwa 14, nono kuma kar ki tsaida. Amma in jinjiri ya ƙi kama nono, ko jiki ya yi zafi ko sanyi ƙalau, ko numfashi sama sama haƙarƙari na lotsawa, ko ya yi taune-taune, ko cibiya ta yi ja tana wari, kar ki jira gari ya waye kuma kar ki sai magani wurin mai tebur. Goya shi ki nufi CSI, wato likita, mafi kusa, karne a hannu.