Yadda ake ziyarar baje kolin zanen gargajiyar Koriya a ƙarshen mako

Idan hanya ta kai ka Seoul, ka ware Asabar ɗaya don zanen zamanin daular Joseon, wadda ta hau mulki a 1392 ta yi sama da shekara 500. Amma ka je da niyyar kallon zane kaɗan a tsanake. Wanda ya zaga ɗakunan gidan tarihi duka cikin awa guda zai fita da ciwon ƙafa kawai.

Mataki na farko tun kana masauki ne: ka duba shafin intanet na Gidan Tarihin Ƙasar Koriya, ka ga zanukan da aka fito da su. A kan siliki ake yin su, ko a kan takardar hanji da ake sarrafawa daga ɓawon itace, haske kuwa yana cin su. Shi ya sa bayan 'yan watanni ake mayar da su ma'aji a fito da wasu, don haka wanda kake ɗokin gani mai yiwuwa yana hutu.

Na biyu, ka yi sammako. Gidan yana unguwar Yongsan tun 2005, jirgin ƙarƙashin ƙasa layi na 4 zai sauke ka a tashar Ichon. Ɗakunan dindindin kyauta ake shiga, baje koli na musamman ne ake yankar tikiti. Ƙarshen mako akwai cunkoso, iyaye da yara da 'yan makaranta. Ka ajiye jaka a akwatin ajiya, ka kashe fitilar kyamarar wayarka, ka haura ɗakin zane da rubutun hannu.

Na uku shi ne kallon kansa. Ka tsaya daga nesa tukuna har idonka ya saba da rashin hasken ɗakin, sannan ka matso. Doguwar takardar da ake naɗewa, daga dama ake bin ta zuwa hagu. Farin filin da ka ga babu tawada da gangan aka bar shi: can hazo ne, nan ruwa, can sararin sama. Jajayen hatimai na mai zanen ne da na waɗanda suka mallake shi daga baya.

Idan ka yi sa'ar kundin mai zane Kim Hong-do, wanda aka haifa a 1745, to a nan za ka daɗe. Shafi 25 ne na rayuwar talakawa: maƙera, masu wanki, 'yan kokawa. A shafin kokawar, jama'a sun yi da'ira sun zuba ido, wani yaro mai tallan alewa kuwa ya juya wa 'yan kokawar baya, cinikinsa ne a gabansa. A wani shafin malam yana zaune bayan ɗan teburinsa, ɗalibi yana share hawaye, sauran suna ƙunshe dariya; duk wanda ya zauna a makarantar allo zai gane wannan zama nan take. Ka bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya, domin da 'yan layuka kaɗan ya ba kowa halinsa, kuma a ganina nan gwanintarsa take.

Sai Jeong Seon, wanda a 1751 ya zana Dutsen Inwang bayan ruwa ya ɗauke. A lokacin da masu zane da yawa ke kwaikwayon tsaunukan Sin, shi duwatsun ƙasarsu ya sa a gaba. Ka lura yadda ya maimaita baƙar tawada har dutsen ya yi nauyin jiƙa. Iyalan Lee Kun-hee na Samsung ne suka ba ƙasa wannan zanen a 2021.

Kada ka raina minhwa, zanen jama'ar gari wanda galibi babu sunan mai shi: damisa mai zare ido da tsuntsu a kan reshe, ko kantar littattafai.

In akwai sauran ƙarfi ranar Lahadi, ka nemi gidan tarihin Kansong da Jeon Hyeong-pil ya kafa a 1938 don kada kayan tarihin ƙasarsu su salwanta lokacin mulkin Japan. Ba kullum yake buɗe ba, sai ka tabbatar kuma ka kama gurbi ta intanet kafin ka tafi.