Barin nono saboda ƙurajen fuska: kurakuran da aka fi yi da yadda za a gyara su

A Yamai, idan mace ta haura shekara 25 ƙuraje ba su bar fuskarta ba, shawarar da za ta fara ji daga yaya ko ƙawa ita ce ta bar nono, ta bar gyaɗa, ta bar maiƙo. Maza ma haka ake gaya musu a fada. Maganar nono tana da tushe, sai dai yadda ake aiki da ita ne ke sa mutane su wahalar da kansu wata da watanni ba su ga canji ba, ko su ga canjin su jingina shi ga abin da ba shi ya kawo ba.

Ga abin da bincike ya nuna. A 2005 aka wallafa wani bincike a Amurka kan mata ma'aikatan jinya fiye da dubu 47, aka ga waɗanda suka fi shan madara a ƙuruciyarsu sun fi fama da ƙuraje, kuma alaƙar ta fi ƙarfi ga madarar da aka cire wa mai. A 2018 aka tattara bincike 14 da suka shafi mutane sama da dubu 78, masu shekara 7 zuwa 30, aka samu cewa yiwuwar samun ƙuraje ga masu amfani da kayan madara ta fi ta marasa amfani da kamar kashi 25 cikin 100. A Faransa ma, a 2020, binciken manya fiye da dubu 24 ya danganta ƙuraje da madara da lemun sukari da abinci mai maiƙo da zaƙi. Amma a Danmak, a 2018, an duba manya sama da dubu 20 ba a ga wata alaƙa ba. Shi ya sa ƙungiyar likitocin fata ta Amurka, a jagorar da ta fitar a 2024, ta ce hujjar ba ta isa a ba kowa shawarar rage madara ba. Ke nan madara tana iya ƙara wa wasu ƙuraje, wasu kuwa ko kaɗan ba ta taɓa su, kuma ba a sanin ɓangaren da mutum yake sai ya gwada yadda ya kamata.

Dalilin alaƙar shi ne madara tana ɗaga insulin a jini, wato sinadarin da ke daidaita sukarin jini, tare da wani sinadarin girma da ake kira IGF-1. Su biyun suna zuga ƙananan jakunkunan maiƙo na fata su ƙara aiki, kuma suna sa matattun ƙwayoyin fata su taru su toshe bakin ramin gashi. Maiƙo ya taru a rufaffen rami, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama, sai kumburi.

Barin jaki ana dukan taiki

Wannan shi ne kuskuren da ya fi kowanne yawa, kuma shi ya fi cutarwa. Mace ta bar fura da nono wata uku, amma kullum dare tana shafa man ƙara hasken fata. Yawancin mayukan bilicin da ake haɗawa a kasuwa suna ɗauke da kilobetazol ko betametazon, wato magungunan kortizon masu ƙarfi, wasu kuma da haidurokinon, sinadarin dusar da launin fata. Kortizon da kansa yana haifar da ƙuraje. Ana gane su da cewa suna fitowa gaba ɗaya, girmansu kusan ɗaya, a fuska da ƙirji da baya, sau da yawa tare da nankarwa da fata mai sirancewa har jijiyoyi su bayyana. Haka ƙwayoyin ƙiba da masu tallan magani ke sayarwa, waɗanda galibi desametazon ne a ciki, shi ma nau'in kortizon ne. Matuƙar ɗayan waɗannan yana shiga jiki, barin nono ba zai yi komai ba. Gyaran shi ne a ɗauki kwalbar ko fakitin a kai wa likita ya karanta abin da ke ciki. Wadda ta daɗe tana shafawa kada ta yanke rana ɗaya, domin fata kan yi bore da ja da ƙaiƙayi. Ƙwayar desametazon kuwa yanke ta kwatsam bayan dogon sha yana da haɗari ga rai, dole likita ya tsara yadda za a rage ta sannu a hankali.

Akwai kuma man gashi. Man shanu ko wani mai kauri da ake sa wa kitso yana narkewa cikin zafin Afrilu da Mayu, ya gangaro goshi, kallabi ko hijabi ya danne shi a wurin. Idan ƙurajen sun taru ne a goshi da gefen kunne, bin layin gashi, a fara da nan: a rage man, a tsaida shi nesa da gaban goshi, a riƙa canza kallabin ciki da rigar matashin kai sau biyu a mako. Ɗan kabu-kabu kuma ya riƙa wanke soson cikin hular kwanonsa.

Ga mata, a duba tsarin iyali. Allurar wata uku da ashanar da ake sakawa a dantse suna iya tada ƙuraje ga wasu. Wannan magana ce da za a yi da ungozoma ko likita don a canza hanya, kada a daina kawai. Idan kuma ƙurajen suna kan haɓa da muƙamuƙi, ga al'ada tana tsallake watanni, ga gashi na fitowa a gemu, to matsalar ta sinadaran jiki ce, tana buƙatar awo a asibiti.

Gwajin mako biyu

Ƙurjin da ya fito yau ya fara ne makonni da suka wuce, lokacin da ramin ya toshe ido bai gani ba. Wanda ya sha degue, wato gero da nono, daren jiya ya tashi da ƙurji da safe, ba deguen jiyan ne ya kawo shi ba. Haka wanda ya bar madara kwana goma ya ce bai ga komai ba, bai gwada ba tukuna.

Gwajin da zai ba da amsa yana cin mako 8 zuwa 12. Kafin a fara, a ɗauki mako biyu ana ci ana sha kamar kullum, ana rubuta kayan madarar da aka sha kowace rana da yawansu. A ɗauki hoton fuska da waya, gaba da dama da hagu, da safe bayan wanke fuska, a wuri ɗaya kusa da taga, ba tare da hoda ko gyaran hoto ba. A ƙirga jajayen ƙuraje masu ciwo daban, a rubuta. Daga nan a bar kayan madara, a ci gaba da hoto da ƙirga rana ɗaya a kowane mako. Baƙin tabo ba a ƙirga shi, shi yana iya ɗaukar watanni kafin ya dushe ko da ƙurajen sun tsaya cak, kuma yawan kallonsa ne ke sa mutane su ce ba a samu sauƙi ba alhali an samu.

Mata su rubuta ranar da al'ada ta zo. Ƙuraje kan ƙaru a makon da ke gabanta, su lafa bayanta. Wadda ta fara gwaji ana gobe za ta ga jini za ta ga sauƙi a mako na biyu ta ce nono ne, alhali lokacinsa ne ya yi. Sai an kwatanta wata da wata, zagaye biyu ko uku.

Lokacin farawa ma a zaɓe shi. Watan azumi bai dace ba, saboda barci da abinci da yawan sukari duk sun canza. Haka shigowar bazara ko hunturu, lokacin da fata ke sauya hali da kanta.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda kusan kowa ke tsallakewa, wato mayar da madarar. Bayan mako 12, a koma shan adadin da aka saba har mako huɗu, ana ƙirgawa. In ƙurajen sun ragu sannan suka dawo, an samu amsa. In babu bambanci, a sha fura da nono hankali kwance.

Kuskure ne kuma a canza abu biyar rana ɗaya, a bar nono, a bar gyaɗa, a canza sabulu, a fara sabon magani. Ko an samu sauƙi ba a san wanda za a gode wa ba. Mai shan magani ya ci gaba da shi yadda yake, madarar kawai zai taɓa.

An bar nonon ƙwarya, an manta da na gwangwani

Mutum ya ce ya bar nono, ma'ana ya daina sayen kindirmo wurin Bafillatana. Amma da safe yana wurin mai shayi, an zuba masa madarar gwangwani mai kauri cokali uku. Da rana yawur na leda mai sanyi. Da yamma biskit ko kek. Madarar gwangwani mai zaƙi fiye da rabin nauyinta sukari ne. Garin madarar da ake aunawa a ƙulla a leda kuwa, sau da yawa madara ce da aka cire wa manta aka maye shi da man ja da aka tace, don haka tana cikin lissafi. Samari masu ɗaga ƙarfe su duba garin gina jiki da suke kaɗawa, mafi yawansa daga ruwan madara ake yin sa, kuma likitocin fata sun sha ganin ƙuraje a baya da ƙirji bayan fara shan sa. Shi ne abu na farko da ya kamata a ajiye.

Ba duk kayan madara ne hujjarsu ta zo ɗaya ba. Ta fi ƙarfi a kan madarar sha, ta ruwa ko ta gari. A kan nono mai tsami da cuku sakamakon bincike ya saɓa, wasu sun ga alaƙa wasu ba su gani ba. Saboda haka wanda barin komai zai yi masa nauyi yana iya farawa da barin madarar shayi da garin madara, ya bar wa kansa kindirmo marar sukari da ɗan cukun Tahoua. A ganinmu wannan ya fi dacewa da yawancin gidaje, domin gwajin da mutum zai iya riƙewa wata uku ya fi tsattsauran da zai karya a kwana biyar.

Maye gurbin nono da zaƙi

An bar yawur, an koma lemun kwalba da zoɓo mai sukari da lemu-hari. An bar fura, an koma farin burodi da fanke. Wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago. Hujjar da ke kan sukari da farin gari ta fi ta madara ƙarfi ma, domin an yi gwaji kai tsaye: a Ostareliya, a 2007, samari 43 aka raba gida biyu na mako 12, waɗanda aka ba abincin da ba ya saurin ɗaga sukarin jini ƙurajensu sun fi raguwa. Gero da dawa da wake da ganye sun fi farar shinkafa da burodi a wannan fanni. Ana iya dama fura da ruwa da ɗan tsamiya, a rage sukarin zuwa rabi.

Sai batun ƙashi. Babban mutum yana buƙatar kalsiyom kusan miligiram 1,000 a rana, kuma kofi ɗaya na madara, mililita 250, yana ba da kusan 300. Wanda ya cire shi dole ya nemo madadinsa: gwangwanin sardin guda, in an ci da ƙashinsa, yana ba da kwatankwacin kofin madara, sai ƙananan busassun kifi, kwaɗon zogala, miyar kuka, kuɓewa, riɗi da wake. Mai ciki da mai shayarwa kada su yi wannan gwaji, kuma kada a hana yaran gida nono don babba yana gwaji. A gidan da nono ne babban abin gina jiki, fuska ba ta kai a yi wasa da shi ba.

Ajiye magani a jira abinci

Ko ga wanda madara ke tada wa ƙuraje, barinta ragewa take yi, da wuya ta kawar da su. Duk watan da aka yi ana jira, sabon tabo ake tarawa, kuma a baƙar fata tabon ya fi ƙurjin daɗewa. Magungunan da aka tabbatar suna nan a farmasi. Benzoyil feroksaid na kashi 2.5 ko 5 cikin 100 ana shafa shi sirara sau ɗaya a rana. Yana kashe launin tufafi, don haka a kiyaye hijabi da tawul. Adafalen na kashi 0.1 ana shafa shi da dare, gwargwadon ƙwayar wake ga fuska duka, ba kan ƙurji kaɗai ba, a fara da dare ɗaya a tsallake ɗaya ko biyu har fata ta saba. Makonnin farko fata kan bushe ta yi saɓa, wani lokaci ƙurajen su ɗan ƙaru, a nan ne mutane da yawa ke jefar da shi, alhali amfaninsa sai mako 8 zuwa 12 yake bayyana. A haɗa da mai marar kauri, musamman da hunturu, kuma a kare fuska daga rana. Mai ciki ko mai neman ciki ba ta amfani da adafalen.

Idan likita ya rubuta dokisisikilin, maganin sha mai yaƙi da ƙwayoyin cuta, a sha da cikakken kofin ruwa, kada a kwanta nan take, kuma a bar tazarar awa biyu tsakaninsa da nono ko madara, saboda kalsiyom yana rage shigarsa jini. Galibi wata uku ake shan sa, tare da man shafawa, kuma shi ma haramun ne ga mai ciki. Sayen sa a tire ana sha ana dainawa yana sa ƙwayoyin cuta su saba da shi.

Wanke fuska sau biyu a rana da sabulu marar zafi ya isa. Dirza ta da soso, shafa lemun tsami ko man goge haƙori, da matse ƙurji da farce, duk suna ƙara kumburi su bar baƙi. Wanda ƙurajensa manya ne masu zurfi da ciwo, ko suna barin rami ko tabo mai tudu a muƙamuƙi da ƙirji, kada ya tsaya gwajin nono, ya nemi takardar turawa daga likitan unguwa zuwa sashen fata na babban asibitin ƙasa na Yamai, ya tafi da duk man da yake shafawa da hotunan da ya ɗauka.