Yadda na gano kakan kakan matata a ƙidayar 1900

Alhamdulillahi, na samo shi. Matata 'yar wani ƙaramin gari ce a jihar Ohio ta Amurka, kuma dangin sun daɗe suna cewa kakan kakansu manomi ne da ya zo garin kafin 1900, amma duk sanda na sa sunansa a FamilySearch, shafin intanet na binciken tsofaffin takardun dangi, sai ya nuna babu kowa.

Da farko na nemi ƙidayar jama'a ta 1890, ashe yawancin takardunta sun lalace a gobarar da aka yi a Washington a 1921, don haka kar ma ku wahalar da kanku. Rubutun kabari ma bai taimaka ba, shekara kawai ke jiki.

Ga abin da ya yi aiki. Na buɗe ƙidayar 1900 ita kaɗai, na goge sunan dangi gaba ɗaya, na bar sunan farko, na sa shekarar haihuwa da ƙarin biyu gaba biyu baya, sai sunan gundumar, sannan na cire alamar da ke tilasta sai sunan ya zo daidai harafi da harafi. Mutane suka fito da ɗan yawa, na dinga buɗe hoton takardar asali ɗaya bayan ɗaya, har na ga gida mai 'ya'ya da sunayen da surukata ke faɗa.

Ashe rubutun hannun mai ƙidayar ne ya jawo matsalar, S ɗinsa kamar L, shi ya sa aka shigar da sunan dangin ba daidai ba a shafin. Ita ƙidayar 1900 tana da watan haihuwa da shekarun aure da yawan 'ya'yan da uwa ta haifa, duk sun yi daidai da abin da aka rubuta a tsohon Baibul ɗin gidan. Godiya ga surukata da ta riƙe sunayen a ka.