Yadda nake gyara muryar algaita a fiyano, in adana ta

Shekara biyu na yi ina kiɗan biki a Gusau da muryoyin da fiyano ta zo da su daga kamfani, ban taɓa sauya ko ɗaya ba. Ranar da na farka, wani dattijo ne a wurin kamu a Tudun Wada ya matso kusa da ni ya ce, “Yaro, hannunka na da kyau, amma wannan busar ba tamu ba ce.” Gaskiya ya faɗa. Ina buga waƙar Hausa, abin da ke fita daga lasifika kuwa busar Turawa ce, mai sanyi, mai ladabi, ba ta da kaifin nan na algaita da ke tsaga fili.

Fiyanon da nake aiki da ita Yamaha PSR-S670 ce, wadda ta fito a 2015, kuma manyan ’yan’uwanta irin su S970 kusan hanya ɗaya suke bi. Abu na farko da nake so ka sani shi ne ba za ka ɓata muryar asali ba. Tana nan a ɓangaren da aka rubuta PRESET, ba a iya rubuta komai a kanta. Kwafi kake gyarawa. Don haka cire tsoro.

Ka zaɓi muryar da ta fi kusa da abin da ke kunnenka. Don algaita ni da Oboe, wani abin busa na Turawa, nake farawa, tunda duk biyun da bakin kara ake busa su. Daga shafin zaɓen murya ka shiga VOICE SET. Kafin ka taɓa komai, mayar da muryar MONO, wato sauti ɗaya a lokaci guda. Mai algaita ba ya busa sauti uku tare, kuma da zarar yatsunka biyu sun haɗu an gane fiyano ce. Sai ka ƙara ɗan lokacin PORTAMENTO, shi ne ke sa sauti ya zame zuwa na gaba maimakon ya yi tsalle. Kaɗan fa. In ya yi yawa sai ka ji kamar jiniyar motar asibiti.

A shafin SOUND ne aikin yake, kuma nan nake daɗewa. BRIGHTNESS shi ke buɗe kaifin murya: ka ɗaga, ta yi tsini, ka sauke, ta dushe kamar an rufa mata bargo. Na kusa da shi, HARMONIC CONTENT, shi ke ba ta amon nan na hanci da algaita ke da shi. Ina ɗaga su biyun a hankali, lamba biyar-biyar, ina buga layi ɗaya na waƙa ina maimaitawa, ba na canza layin, don kunne ya san abin da ya sauya. ATTACK na nufin saurin fitowar sauti bayan ka danna. Ƙaramar lamba ta fi sauri, ita nake so. RELEASE kuma jelar sauti ce bayan ka ɗaga yatsa, ina gajarta ta. Karkarwar murya, VIBRATO, ina ba ta ɗan jinkiri, ta shigo bayan sautin ya tsaya da ƙafarsa, yadda mabushi ke yi in ya cika kumatu ya riƙe numfashi.

Amsa-kuwwa, wato REVERB, ka rage ta. Yaranmu na son cika ta saboda daɗinta a abin saƙala wa kunne, amma a ɗakin taro mai rufin kwano ginin da kansa yana amsawa, sai kiɗan ya dagule. Akwai COMPARE a shafin. Ka riƙa danna shi kana jin tsohuwar murya da sabuwa.

Yanzu adanawa, inda na taɓa yin kuka. Wani dare na shafe kusan awa biyu ina gyara muryar gurmi daga jita, ta zauna daidai, sai aka ɗauke wuta kafin in adana. Komai ya tafi. Ba wuta kaɗai ke yin haka ba: ko wata murya ka danna bisa kuskure, gyaran ya gudu. Fiyanon ma tana kashe kanta in an bar ta minti 30 ba a taɓa ba, sai in ka sauya wannan saitin. Saboda haka da murya ta fara kama hanya, danna SAVE, zaɓi USER, ba ta suna. Kada ka bar sunan asali. Ni ina rubuta ALGAITA1, in na ƙara gyara in adana ALGAITA2, ban goge ta farko ba, domin sau da yawa kunnen safiya ya fi son ta jiya.

Don wurin biki, inda ba ka da lokacin lalube, akwai maɓallan REGISTRATION guda 8, masu dawo maka da saiti da dannawa ɗaya. Ka jera murya da kiɗa da saurin kiɗan yadda kake so, danna MEMORY, sannan lambar. Sai dai ka adana takwas ɗin a matsayin banki, wato fayil ɗaya mai suna, in ba haka ba ranar da ka buɗe wani banki za su shafe.

Daga nan kwafe komai a filashi. In sabo ne, bari fiyanon ta yi masa fomat da kanta, amma ka tabbata ba komai a ciki, don za ta share shi tas. Kada ka zare shi tana cikin rubutu. Ina da filashi biyu, ɗaya a jakar fiyano, ɗaya a gida cikin akwati. Watan jiya da aka kira ni Kaura Namoda ban ɗauki fiyano ba, irin tawa na tarar a can, na soka filashi, kafin a gama shimfiɗa tabarmi algaitata ta fito.