Yadda za ka adana tarihin kakarka tun tana raye

Kakata ta rasu a ƙauyenmu nan gefen Daura, Allah ya jiƙanta, kuma abin da ya rage mani da ita sai muryarta da na ɗauka a waya a zama huɗu kacal. Dan Allah duk wanda tashi kakar ke raye ya fara yanzu.

Farko dai kar ka je ka ce mata "Inna ba ni tarihinki", wallahi dariya za ta yi ta ce mi ta sani ita da ta ƙare rayuwarta tsakanin turmi da murhu. Ka shiga ta ƙofar wasan jika da kaka, ka riƙe ɗan goro ko turare, ka same ta da hantsi ko bayan la'asar tana ɓarar gyaɗa, ka zauna ka sa hannu kuna yi tare. Ka gaya mata za ka yi rikodin, ka aje wayar kusa da ita, ka kore yara da kaji saboda hayaniya.

Tambayar aiki ita ke buɗe bakinsu. Dami nawa na gero ake sawa a rumbu ya kai gida wata damina, wa ke sussuka wa ke sheƙa, da wane lokaci take tashi surfe, ya take kai fura gona ranar gayya. Tawa da na tambaye ta daddawa sai da ta kusa awa guda, tun daga dafa kalwa har rufe ta kwanaki ta yi, daga nan ta wuce kan gayaunarta ta kuɓewa da yakuwa, da akuyar da ta saya da kuɗin ƙuli-ƙuli ta yi ta haihuwa har ta isa yi wa 'ya'yanta mata kayan ɗaki. Ni duk ban san wannan ba, ina ta cin tuwonta shekara da shekaru.

Maganar shekaru kuwa kar ka matsa mata da lamba, ba haka suke lissafi ba. Ka ce lokacin da aka canja kuɗi daga fam da sule zuwa naira 'ya'yanki nawa, wannan 1973 ke nan, kuma shekarar ce aka yi babban fari. Ko lokacin da aka kashe Sardauna, 1966, an yi maki aure ko tukuna? A shekarar ne ma Muhammadu Bashar ya zama Sarkin Daura, ya yi mulki har 2007. In ta ɓangaren Katsina ce ka auna da zamanin Sarki Usman Nagogo, 1944 zuwa 1981. Da haka sai ka kusanci shekarar haihuwarta da ta aurenta.

Ka kula da kunya. Ba za ta faɗi sunan mijinta ba, balle na ɗan fari, kar ka tilasta mata, ka nemi sunayen wajen goggo ko kawu. In ta zo kan 'ya'yan da ta binne ta yi shiru, kai ma ka yi shiru, ka kashe wayar in ta kama.

Kana komawa gida ka rubuta abin da ta faɗa a littafi da Hausarta yadda ta faɗe shi, kar ka gyara mata, sannan ka tura muryar ga 'yan uwa biyu ko uku ta WhatsApp dan waya tana ɓata ko ta lalace. Ka ɗauki hoton turminta da mazarin kaɗi da tukunyar ƙasa.

In kuma ta riga ta rasu, ka nemi ƙawayenta da abokiyar zamanta in tana nan, ka kai masu gaisuwa bayan an watse daga zaman makoki, su suka san ranar da aka kawo ta gidan tana amarya.